Yadda Ake Bibiyar Zuciya a Gida da Agogon Hannu da Na'urar Hawan Jini, da Abin da Sai an Je Asibiti

A Jos yanzu ba sai ka je asibiti ba kafin ka ga lambar da ake cewa ta zuciyarka ce. Shagunan waya na titin Ahmadu Bello da kewayen Terminus cike suke da agogunan hannu masu ƙyalla koren haske a bayansu, kemis-kemis kuma suna sayar da na'urar awon hawan jini da 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa. Wasunsu kayan aiki ne na gaske, wasu kuwa ado ne kawai. Ko mai kyan ma aikinta guda ne: ta taimake ka ka tara rubutaccen bayani na kwanaki, wanda likita zai ɗora a kan nasa gwajin. Yanke hukunci ba hurumin agogo ba ne.

A labarai idan an ce wane ya rasu sakamakon "bugun zuciya", ana nufin toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini ko tsayawarta farat ɗaya. A nan in na ce bugawa, adadin harbawar zuciya a minti ɗaya nake nufi. Wancan ciwon zan kira shi toshewar jijiyar zuciya.

Kayan da ake buƙata

- Agogo mai hannun daƙiƙa, ko agogon waya.
- Littafi da biro. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa, kuma ya fi duk sauran kayan muhimmanci.
- Na'urar hawan jini ta damtse, wadda ake ɗaura ɗamararta sama da gwiwar hannu, da sababbin batir.
- Tef ɗin tela, don auna kaurin damtse.
- Ma'aunin zafin jiki.
- Agogon zamani, in akwai. In yana da ECG, wato awon lantarkin zuciya, ya fi.
- Na'urar oksijin ta yatsa da sikeli, ga wanda aka riga aka ce masa yana da ciwon zuciya ko na huhu.

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi na'urar damtse. Hawan jini shi ne kan gaba wajen lalata zuciya a ƙasar nan, kuma ita ce kaɗai a jerin nan take auna shi da gaske. Omron da Microlife suna da samfura da yawa da aka tantance, kuma shafin STRIDE BP na intanet yana da jerin waɗanda suka ci gwaji, sai ka duba lambar samfurin kafin ka biya.

Abin da kowacce take ji

Koren hasken bayan agogo ba zuciya yake gani ba. Fata yake haskawa, jini ya shanye wani kaso na hasken, duk harbawar zuciya jinin da ke wuyan hannu ya ƙaru, hasken da ke dawowa ya ragu. Wannan hawa da saukar agogon yake ƙirgawa. Na'urar yatsa ma da haske take aiki, ja da wani da ido ba ya gani. Na'urar damtse kuwa girgizar jijiya take ji ta cikin iskar da ta hura a ɗamara, ta lissafa lambobi biyu, ta sama da ta ƙasa. ECG daban ne: shi lantarkin da zuciya ke fitarwa da kanta yake karantawa. Na asibiti yana da wayoyi 10, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, suna ba da kallo ta fuska 12. Na agogo fuska ɗaya tak yake da ita. Kamar mai leƙen gida ta taga ɗaya ne: zai ji ko ana hayaniya a ciki, amma ba zai san ɗakin da bango ya tsage ba.

Lokacin da ba a tsayawa awo

Ciwon ƙirji mai kama da an ɗora dutse, wanda ya wuce 'yan mintoci ko yake tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi, musamman da gumi mai sanyi, suma, haki alhali mutum yana zaune, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko karyewar harshe. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota a wuce sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kada ya tuƙa kansa. Agogo zai iya nuna bugawa 76 da ECG mai kyau alhali jijiyar zuciya tana toshe. Kamfanonin da ke ƙera su da kansu sun rubuta cewa ba ya gano wannan ciwon.

Mataki na 1: Koyi ƙirga bugawa da yatsa

Da wannan za ka riƙa kama ƙaryar na'ura, don haka kada ka tsallake shi.

Zauna minti biyar. Juya tafin hannunka sama. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, a ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da igiyar nan mai tauri. Danna a hankali. In ka matsa da ƙarfi ka toshe jijiyar, ba za ka ji komai ba. Kada ka sa babban yatsa, domin yana da tasa harbawar. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In ka ji tana tsalle ko tana sassarfa, ƙirga minti ɗaya cur.

Babba da ke zaune lafiya yana tsakanin 60 da 100. Mai yawan motsa jiki zai iya sauka zuwa 50 ba tare da wata matsala ba, haka mai shan magungunan zuciya da hawan jini irin su atenolol, bisoprolol ko propranolol. Adadi ba shi ne komai ba, ka lura da tafiyarta. Bugawa mai tsari kamar dakan mace ɗaya take, tim, tim, tim. Wadda take ɓata sau ɗaya ta dawo kan hanya yawanci ƙarin bugawa ce da kusan kowa ke samu. Wadda ba ta da tsari ko kaɗan, ta yi sauri ta yi jinkiri ba ka iya cankar ta gaba, ita ce abin zuwa asibiti ko da ba ka jin komai.

In ka kasa samu a hannu, gwada gefen maƙogwaro a hankali, ɓangare ɗaya kawai. Ba a danna ɓangarorin biyu lokaci guda, kuma tsoho gara ya haƙura da wuyan.

Kafin ka tsorata da 110, sa ma'aunin zafi. Zazzaɓi yana ƙara kusan bugawa 10 a kan kowane digiri ɗaya. Ƙarancin jini, ƙishirwar azumi, goro, shayi mai kauri, lemon ƙara kuzari, maganin mura da abin shaƙa na masu asma duk suna ɗaga ta.

Mataki na 2: Gwada agogon, sannan ka ɗaura shi daidai

Cire agogon ka ɗaura shi a kan kwalbar ruwa ko ƙafar kujera, ka danna awon zuciya. Na kirki yawanci zai ce bai sami hannu ba. In ya rubuto maka 78, to ka yi shakkar lambobin da yake ba ka, wataƙila daga kansa yake ƙirƙiro su. Gwaji na biyu: auna a zaune, sannan ka hau bene ka sauko sau uku ka sake aunawa, kana ƙirgawa da yatsa a ɗaya hannun. A zaune bambancin agogo da yatsa bai kamata ya wuce biyar ba.

Agogon da ya ce yana auna sukari ba tare da huda yatsa ba, kada mai ciwon sukari ya kuskura ya dogara da shi. A Fabrairun 2024 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya irinsa ba. Awon hawan jini na agogo ma haka nake kallonsa. Ko na Samsung, wanda aka yi da gaske, sai an riƙa daidaita shi da na'urar damtse duk bayan mako huɗu.

Wajen ɗaurawa, agogon ya zauna kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ba a kan ƙashin ba. Ya kama fata yadda haske ba zai fito ta gefe ba, amma kada ya bar shaida. Fata mai duhu tana shanye wani kaso na koren haske, shi ya sa sako-sakon ɗauri ya fi ɓata mana lissafi. Goge gilashin baya, domin man shafawa da ƙurar hunturu suna taruwa a kai. Baƙin lalle da ya hau wuyan hannu yana tare hasken, sai a matsar da agogon sama ko a sauya hannu.

Sanyin Jos ma yana da nasa. A Disamba da Janairu jijiyoyin fata suna tsukewa, jinin da agogo zai gani ya ragu, sai ka ga 45 ko 140 babu dalili. Murza hannun ya ɗumama kafin ka yarda. Lambar da ta fito kana cikin keke a hanya mai gargada, ko kana wanki ko daka, ita ma watsar da ita: agogon girgizar hannu ya ƙirga.

Lambar da ta fi amfani a agogo ita ce ta hutu da ta barci, in an bi ta mako-mako. Wanda ya saba da 68 sai ya ga 85 kwana huɗu a jere, wani abu na faruwa, ko zazzaɓi na tafe, ko jini ya yi ƙasa, ko zuciya ta fara gajiya. Wannan shi ne abin da awon asibiti na minti ɗaya ba zai taɓa gani ba.

In babu agogo, akwai manhajojin waya da ake ɗora yatsa a kan kyamara da fitila. Suna ba da adadin bugawa gwargwado in ba ka danna da ƙarfi ba. Wadda ta ce tana auna hawan jini ta haka, goge ta.

Mataki na 3: Awon hawan jini na kwana bakwai

Fara da tef. Auna kaurin damtse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ɗamarar da ke zuwa da yawancin na'urori ta santimita 22 zuwa 32 ce, an rubuta a jikinta. Mai damtse 36 yana buƙatar babba, 32 zuwa 42. Ƙaramar ɗamara a babban hannu tana ƙara lamba, mai lafiya ya koma mai hawan jini a takarda. Wannan kuskure ne da ake yawan yi a gidaje, domin na'ura ɗaya ce ke yawo daga hannun maigida zuwa na uwargida zuwa na maƙwabta.

Sannan ka bi wannan tsari:

1. Rabin awa kafin awo babu goro, shayi, kofi, taba ko aikin ƙarfi. Yi fitsari tukuna, cikakkiyar mara tana iya ƙara kusan maki 10.
2. Zauna a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, minti biyar, ba waya ba hira. In a tabarma kake, jingina da bango ka miƙe ƙafa.
3. Cire rigar sanyi gaba ɗaya daga wannan hannun. Naɗe hannun riga mai kauri sama yana shaƙe damtse, gara siririn hannun riga a ƙarƙashin ɗamara da wannan.
4. Ɗaura ɗamarar, bakinta na ƙasa kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwa, robar iska ta bi ta cikin hannu. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinta da ƙyar.
5. Ɗora hannun a tebur ko matashi yadda ɗamarar za ta yi daidai da tsakiyar ƙirji. Hannun da ke lilo a ƙasa yana ƙara lamba.
6. Danna, ka yi shiru. Ko amsa sallama ce, a jira na'ura ta gama.
7. Jira minti ɗaya ka sake. Rubuta duka biyun.

Ranar farko auna hannu biyun. Wanda ya fi yawa shi za ka riƙe daga nan. In bambancin lambar sama ya wuce 10 kullum, gaya wa likita.

Ana yi safe da yamma. Da safe kafin karin kumallo da kafin shan maganin hawan jini. Wanda ya dawo daga sallar asuba cikin sanyi ya zauna a ɗaki ya ɗumama tukuna, domin sanyi da tafiya duk suna ɗaga jini. Da yamma tsakanin magariba da isha'i ya yi, kafin cin abinci. Layi ɗaya a littafi zai yi kama da haka: Talata, 6:40 na safe, hagu, 138/86 da 134/84, bugawa 74, ban sha magani ba tukuna, na kwana da ciwon kai.

Bayan kwana bakwai, zubar da na ranar farko, domin a ranar mutum yana ɗari-ɗari da na'urar. Saura awo 24. Tara lambobin sama ka raba da 24, ka yi haka da na ƙasa. A asibiti iyaka 140/90 ce, a gida kuwa 135/85, saboda a gida hankali ya fi kwanciya. Matsakaicin da ya kai haka, ko da lamba ɗaya ce ta kai, na ganin likita ne.

Amfanin wannan wahalar shi ne, akwai wanda jininsa ke hawa da zarar ya ga farar riga, a gida kuwa lafiya lau. Akwai kuma akasinsa, wanda ya fi haɗari: a asibiti 128/80, a gida 150/95. Awo ɗaya a kemis ba zai raba su ba.

Kurakuran da ake yi: mutum ya ga 150 ya firgita ya sake aunawa sau takwas a jere, kowanne ya fi na baya saboda tsoro. Ko ya rubuta mai daɗin kawai ya ɓoye sauran. Mafi muni, ya ga 120/80 ya ajiye magani, alhali maganin ne ya kawo 120 ɗin. Ba a ƙara ko rage ƙwaya da lambar gida sai da likita. In ka ga 180/120 ko sama, huta minti biyar ka sake. In tana nan, a ranar za ka ga likita, in kuma da ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko haki, gaggawa ce. Mai ciki iyakarta daban: 140/90 ta koma wurin awo a ranar, 160/110 kuwa ba a kwana da ita a gida.

In na'urar hawan jini ta wuyan hannu kaɗai gare ka, a yi maneji: ɗora tafin a kafaɗar ɗaya ɓangaren yadda na'urar za ta zo daidai zuciya, ka tallafe gwiwar. In babu na'ura sam, zaɓi kemis ko asibitin unguwa guda ɗaya, ka riƙa zuwa lokaci guda, ka zauna minti biyar kafin a ɗaura maka. Batir da ya yi sanyi yana sa na'ura ta kasa hura iska ta nuna kuskure. In 'yar alamar zuciya mai rawa tana yawan fitowa a fuskar na'urar, koma mataki na 1 ka ji tsarin da yatsa, domin bugawa marar tsari tana rage ingancin awon kansa.

Mataki na 4: Kama faɗuwar gaba da ECG na agogo

A nan agogo yake da abin da asibiti ba shi da shi. ECG na asibiti daƙiƙa 10 yake ɗauka. Mai faɗuwar gaba da ke zuwa sau biyu a wata, kafin ya iso asibitin koyarwa da ke Lamingo daga Bukuru ta lafa, takarda ta fito fes, a ce masa lafiyarsa ƙalau. Agogo kuwa yana hannu lokacin da abin ya zo.

Apple ya fara sa ECG a agogonsa a 2018, Samsung da Fitbit ma suna da shi a wasu samfura, akwai kuma KardiaMobile, ɗan faranti da ake ɗora yatsu a kai. Ba a kowace ƙasa ake buɗe wannan manhajar ba, saboda haka a shago ka sa a kunna maka ka ga zanen yana tafiya kafin ka biya.

Zauna, ɗora hannu biyun a cinya ko tebur. Taɓa maɓallin gefen agogon da yatsan ɗaya hannun, taɓawa kawai ba dannawa ba. Daƙiƙa 30, ba magana ba motsi. In zanen ya yi kaca-kaca, dalili uku ne galibi: rawar sanyi, busasshiyar fatar hunturu, ko waya da ke caji a jikinka. Ɗumama jiki, shafa wa wuyan hannu ɗan danshi ka goge, ka nisanci soket. Yi guda ɗaya ranar da kake lafiya ka ajiye, don a sami abin kwatantawa.

Amsa huɗu ce ake gani: tsari daidai, AFib, bugawa ta yi sama ko ƙasa, ko ba a tantance ba. Ta ƙarshen ba ciwo ba ce, agogon ne ya kasa. AFib rikicewar ɗakunan sama na zuciya ce, jini ya riƙa kwanciya yana dunƙulewa, kuma tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. A wurinmu hawan jini da lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta suna cikin masu kawo ta.

Sanarwar agogo ba tabbaci ba ce. A binciken da Jami'ar Stanford ta fitar a 2019 kan mutum 419,297 masu agogon Apple, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne suka sami sanarwar bugawa marar tsari. Cikin waɗanda aka manna wa na'urar ECG daga baya, kashi 34 aka samu da AFib. Saboda haka kada ka sayi maganin tsinka jini a kemis don agogo ya yi ƙara, kada kuma ka share sanarwar. Fitar da zanen a waya, ka rubuta lokaci, abin da kake yi, abin da ka ji da tsawon da ya ɗauka. Likita zanen yake son gani, ba hukuncin agogon ba.

Mataki na 5: Na'urar yatsa

Ɗumama hannu, sa yatsan tsakiya ko manuniya, ka ajiye hannun a cinya. Jira kamar minti ɗaya lamba ta tsaya. Lambobi biyu ne, ta oksijin da ta bugawa, kuma mutane da yawa suna musanya su, su ga 78 su ɗauka iska ce ta ƙare. In bugawar da ta nuna ba ta yi daidai da ƙirgar yatsanka ba, lambar oksijin ɗin ma ba abin yarda ba ce. Jan farce da baƙin lalle suna tare hasken, a nemi yatsan da ba shi da su.

Daga 95 zuwa sama lafiya. 93 ko 94 na tuntuɓar likita ne, 92 zuwa ƙasa na asibiti ne. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, don haka 95 ko 96 ga mai lafiya a nan ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne a fata mai duhu na'urar takan ƙara lamba. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ƙarancin oksijin da na'urar yatsa ta ɓoye ya kusan ninka uku a baƙaƙen fata in an gwama da farare. Mai haki da na'ura ta ce 95, hakin za a bi.

Mataki na 6: Sikeli, da maganar mai jego

Wanda aka ce zuciyarsa ta yi rauni ya hau sikeli kowace safiya, bayan fitsari, kafin abinci, da kaya iri ɗaya, a kan daɓe mai tauri. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ba ƙiba ba, a sanar da likita.

Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya. Ke mai jego, in kin ga ƙafa na kumbura, kina haki da ɗan aiki, ba kya iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, ko tari na tashinki da dare, kada a ce miki gajiyar jego ce. Agogo zai nuna bugawa ta ɗan yi sauri ne kawai. Hoton zuciya ne zai nuna gaskiya, kuma a dakatar da kunun kanwa har likita ya gani, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki.

Mataki na 7: Kai kayanka asibiti a gwama

Sau ɗaya a shekara, da kuma lokacin da na'ura take sabuwa ko ta faɗi ƙasa, tafi da ita. Roƙi nas ta auna da tasu, bayan minti ɗaya ka auna da taka a hannu guda, ku yi haka sau uku. In bambancin lambar sama yana wuce 10 kowane zagaye, duba girman ɗamara da batir, in ba su ba ne na'urar ta tashi aiki. Tafi da littafin da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.

Mataki na 8: Gwajin asibiti da yadda ake shirya masa

Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, Plateau Specialist da Bingham, wanda aka fi sani da Jankwano, nan ne manyan wuraren da ake tura masu matsalar zuciya a Jos. Likita ne zai zaɓi gwajin, amma sanin aikin kowanne yana hana ɓarnar kuɗi.

ECG mai fuska 12 yana nuna tsarin bugawa, alamar toshewar jijiya sabuwa ko tsohuwa, da kaurin da hawan jini ya sa wa zuciya. Ba ya sa wa mutum lantarki, karɓa kawai yake yi. Ranar kada ka shafa mai ko basilin a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, mannin ba zai kama ba. Sa riga mai sauƙin cirewa, mace kuma za ta iya neman mace ta yi mata. Da an miƙo maka takardar ka ɗauke ta hoto, domin irin takardar rasit ɗin POS ce, tana koɗewa.

Eko, wato hoton zuciya, irin na'urar hoton ciki ce. Shi ke nuna girman zuciya, ƙofofinta da ƙarfin matsawarta. Zuciya mai lafiya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta a kowace bugawa. Babu agogon da ke ganin wannan. In ana zargin toshewar jijiya, akwai gwajin jini na troponin, wanda akan maimaita bayan 'yan awoyi.

Holter ɗan akwati ne kamar ƙaramar waya, da wayoyi a manne a ƙirji, ana kwana da shi awa 24 ko 48 yana ɗaukar kowace bugawa. Yi wanka kafin ka je, domin ba a jiƙa shi har a cire. Alwala ba matsala, a dai kare akwatin daga ruwa. Kada ka kwanta a gida don an sa maka na'ura: je kasuwa, hau bene, yi duk abin da ya saba tayar maka da faɗuwar gaban. In ta zo, danna maɓallin in yana da shi, ka rubuta lokacin daidai da minti. In manni ɗaya ya ɓalle, mayar da shi wurinsa ka ƙarfafa da filasta, ka rubuta ƙarfe nawa hakan ya faru. In kuma abin naka sau ɗaya yake zuwa a wata, gaya wa likita tun kafin ka biya, domin Holter na kwana ɗaya zai iya fitowa babu komai, a nan zanen da ka kama da agogo ko na'urar da ake mannawa ta mako biyu ta fi dacewa.